In Hankalinki Ya Tashi

Shekara huɗu bayan samun mulkin kai, ina koyarwa a firamare a Tambuwal, mahaifinmu ya rasu a Kebbe. Inna ta fita takaba ba barci, ba cin abinci, kullum gabanta sai faɗuwa. Na kai ta asibiti a Sakkwato, aka tsayar da ni a waje. Likita Bature ya ba ta 'yan ƙwayoyi, ya yi dogon Turanci, tafinta ya dunƙule mata shi: "In hankalinki ya tashi, ki sha guda."

Ba zan tauye wa maganin haƙƙinsa ba, ya yi aiki. Cikin mako guda ta sami barci, ta koma cin tuwo.

Sai dai likitan bai san Inna ba. Akuya ta shiga gonar maƙwabci, hankalinta ya tashi. Hadari ya haɗu ya watse, hankalin ya tashi. Wasiƙata ta makara, ya tashi. Kowanne sai ta jefa guda. Takardar asibiti kuwa tana hannunta, in kwalba ta ƙare a aika a cika.

Da na je hutu bayan wata bakwai, na tarar da ita zaune tana gyangyaɗi da hantsi, magana na sarƙe mata, ludayi na kuɓuce mata. Raina ya ɓaci. Ni da karambanina na juye ƙwayoyin a masai. Kwana biyu sai gumi da makyarkyata, ta faɗi tana shure-shure. Maƙwabta suka ce iska ce. Na kwaso ta zuwa Tambuwal, malamin asibitin garin ya wanke ni tas: wannan magani ba a yanke shi farat ɗaya, ragewa ake kaɗan-kaɗan, in ba haka ba sai a rasa mutum. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Ya mayar da ita kan maganin, ta farfaɗo, amma ta ƙi ragi. "Likita yac ce in sha. Kai mi kas sani?"

Lokacin matata na da cikin fari. Marainiya ce, ba gidan da za ta je haihuwa, don haka wankan jariri na Inna ne. Na faɗi abin da ɗa ba ya faɗa wa uwa: "Inna, da hannun ga ba ni ba ki jinjiri."

Kwana uku ba ta dube ni ba. A na huɗu ta miƙa wa matata kwalbar. "Ɗiyata, ki riƙa ɓara min kamar goro."

Malamin asibiti ya tsara mana. Daga ɓari aka koma rabin ɓari, daga nan sai abin da farce ya tsinka. Akwai ranakun da ta zage mu, akwai waɗanda ta yi kuka, amma ba ta taɓa miƙa hannu ta ce a ƙara ba.

Ranar da aka haihu, kwananta ashirin rabonta da ƙwaya. Ta miƙe ƙafafu, ta jawo ƙwaryar ruwan zafi, ta cuɗa yaron nan, ta gasa masa cibiya, sannan ta cilla shi sama ta cafe har sau uku. Ina bakin ƙofa, hawayen murna na zubo mini, ni ƙato da gemu.

Ba ta ɗago ba. Da jaririn ta yi magana.

"Angona, gaya ma ubanka shi tai makaranta. Mu nan aiki muka yi."