Bencin Ranar Talata

A shekarata ta farko a Alƙahira, bakina har tsami yake yi don rashin magana. Maigidana ɗalibi ne, in ya fita da safe sai magariba. Larabcina bai wuce "tamam" da "ma'alish" ba, ga shi benenmu na unguwar Abbasiya babu Bahaushiya ko ɗaya.

Wata Juma'a ya kai ni wani lambu da aka kakkafa ƙere-ƙere na tsofaffin ƙarafa. Na ce, "Haba Malam, bola ka kawo ni? A Kano ai kafin azahar 'yan gwangwan sun kwashe." Ƙofar shiga zagayayyiya ce, da wilin kekuna aka haɗa ta. A ciki ga duwatsu na lotsattsun tukwane, ga gora ta bututun famfo, hanya kuwa sai lanƙwasa take yi. Mai gadi ya gaya wa Malam wai salon lambun mutanen Sin ne, ana zama a yi shiru a yi tunani. Shiru? Ai an zo gidana.

Sai na riƙa zuwa duk Talata ni kaɗai. A can na tarar da wata tsohuwa 'yar Masar mai baƙin mayafi, tana zama a ɗaya gefen wani bencin ƙarfe da nake zama a kai. Ba ta taɓa tambayata komai ba, balle in ji kunyar amsa. Sai dai ta miƙo min soyayyun 'ya'yan kabewa, mu yi ta ɓarewa. Wata biyu muka yi haka. Wallahi duk faɗin garin ita kaɗai ce ƙawata.

Na matsa wa Malam ya koya min yadda zan tambayi sunanta da unguwarsu. Sati guda ina bita kamar mai hadda. Ranar da na je, na buɗe baki sai na fasa. Na ce a raina ina saurin yake, sai wani satin.

Da wani satin ya zo, motoci na samu ana loda ƙarafan. Har bencin, ashe shi ma cikin kayan yake. Mai gadi ya ce, "Khalas, ya madam," wai an gama ke nan. Na tsaya a rana har la'asar, ba ta zo ba.

Malam ya dawo da fara'arsa ya ce, "To, 'yar Larabawa, ya sunan ƙawar taki?"

Na ce, "Abincinka na kan tebur." Na shige ɗaki na yi kukana.