Mika'ilu Mai Lasifika da Na'urar Gwaji

Duk wanda ya taɓa bin lungun da ya taso daga Ƙofar Gayan zuwa cikin birni ya san muryar Malam Mika'ilu, ko da bai san fuskarsa ba. Gyaran lasifika da amfilifaya yake yi a zauren gidansu. Masallatan unguwa, makarantun Islamiyya, har masu tallar magani a bayan mota, duk wurinsa suke kawo kaya.

Aikinsa babu laifi, gwajinsa ne abin magana. Sauran masu gyara kan hura makirfo su ce “halo” su kashe. Shi kuwa sai ya gyara zama, ya gai da unguwa gida-gida, ya yi wa mai jego barka, ya ja kunnen wanda akuyarsa ta shigo masa zaure. An ce da ƙuruciya ya nemi aikin gidan rediyo bai samu ba. Da aka haifa masa 'ya ya sa mata Radiya, abokansa suka ce sun san inda sunan ya dosa. Ya rantse sunan kakarsa ne, ba wanda ya yarda.

Da shekaru suka ja, sai kaya suka fara dawowa. Ladan Usman ya maido lasifikar masallaci, ya ce tana wani ziza kamar ƙudan zuma ya shige ta. Mika'ilu ya kunna, ya kasa kunne, ya ce garau take, ladan ne ya kamata ya sha zuma ya wanke maƙogwaro.

A lokacin Radiya ta gama karatun injiniyan lantarki, tana gida tana jiran aiki. Ba ta yi musu da mahaifinta ba. Wata Asabar da hantsi ta shigo zaure da tsohuwar kwamfutarta, da makirfo siriri kamar biro, da wani ɗan akwati da ake kira sawun kad. Ta yi masa bayani cewa kwamfutar za ta tura sauti ta cikin akwatin zuwa lasifika, makirfon ya saurara, manhaja ta auna. In lafiya lau ta nuna kore, in da matsala ta nuna ja.

Kwamfutar ta ƙi gane akwatin. Radiya ta ce sai an sa masa direba, wato 'yar manhajar da za ta haɗa su. Mika'ilu ya ce shi bai taɓa ganin abin da ba shi da taya yana neman direba ba. Da direban ya zauna, ta ɗauki waya ta haɗa bakin akwatin, inda sauti ke fita, da kunnen akwatin, inda sauti ke shiga, don ya fara auna kansa. Mika'ilu ya tambaya ko akwai amfanin abin da yake magana kuma shi yake sauraren kansa. Matarsa Asma'u, da ta kawo musu kunu, ta ce ai a gidan nan ba baƙon abu ba ne.

Ladan ya iso, aka fara gwaji. Lasifikar ladan, ja. Ta mai maganin basir, ja. Har wata sabuwa fil da aka ciro daga kwali, ita ma ja. Radiya ta sauya wayoyi, ta zargi injin markaɗen maƙwabta, ta jira masu Keke suka wuce. Daga ƙarshe ta kunna abin da makirfon ya ɗauka, sai ga muryar mahaifinta raɗau yana koya wa lasifikar yadda ake aiki.

“Baba, kai ne matsalar,” in ji ta. “Sai ka yi shiru.”

“Har yaushe?”

“Har sautin ya ƙare.”

Ya kama bakinsa da hannu. Sautin ya taso daga ƙasa kamar gurnani, ya yi ta sirancewa yana hawa. Can Mika'ilu ya saki baki ya ce ya ƙare. Sai ya ga Radiya da ladan sun yamutse fuska, layin da ke kan kwamfutar kuma bai daina tafiya ba. Ya dube su, ya dubi lasifikar, ya gane inda kunnensa ya tsaya. A karo na biyu ba wanda ya roƙe shi shiru.

Sabuwar ta fito kore, ta ladan ta tsaya a ja. Mika'ilu ya kwance ta, ya bi takardar cikinta da yatsa har ya taɓo wata 'yar yagewa a gefe. Ya liƙe ta, ta bushe, aka sake gwadawa, ta yi kore. Shi da kansa ya saɓa ta a kafaɗa zuwa masallaci, ya hau tsani ya ɗaura, bai tayar da zancen zuma ba.

Yanzu Radiya tana aiki a Kaduna. Kafin ta tafi ta shirya masa manhajar yadda maɓalli ɗaya zai danna, suka kuma yi wa lasifikun akwatin katako da suka liƙe cikinsa da tsohuwar katifa saboda hayaniyar lungu. Mika'ilu ya ɗinka wa kwamfutar riga da ragowar shadda. Duk wanda ya kawo gyara sai ya ji tarihin na'urar, kuma a yadda yake ba da labarin, shi ya kawo shawarar, yarinyar ta ɗan taimaka da wayoyi.