Tsohon Ginin da Aka Fitar da Mu

Shekaru da yawa ofishina yana cikin tsohon ginin ƙasa na kwalejinmu, wanda aka yi tun zamanin Turawa. Tarihi nake koyarwa. Ginin tubali ne, rufin azara mai bakuna irin na ɗaurin guga, kaurin bangonsa ya kai mutum ya kwanta a kan taga. Da bazara, idan rana ta take, nan kowa yake fakewa don sanyinsa. Da damina kuwa sai mu jera bokitai. Duk tsawon mulkin soja babu shugaban kwalejin da ban tare shi da maganar gyara ba, kowanne ya ce in yi haƙuri.

Da farar hula suka karɓi mulki, sai labari ya zo cewa za a gyara ginin, a ƙara masa ɓangare, a buɗe makarantar zane-zane a ciki: zanen gini, zanen atamfa, aikin fata. Na yi murna har na kasa zama. Daga baya na ji sauran bayanin. Mu 'yan tarihi za a mayar da mu wani dogon gini mai rufin kwano a bayan filin ƙwallo. Wanda zai shugabanci sabuwar makarantar kuma abokina ne na ƙuruciya, wanda muka tashi layi ɗaya a Ƙofar Guga.

Tun muna firamare ya fi ni hannu, ni kuma na fi shi karatu. Ya tafi Zariya, daga can Legas, ni na zauna gida. Ya dawo da furfura a gemu da wata jaka mai tsawo da yake zuba takardun zane. Ranar da ya shigo ofishina ina ɗaure littattafai da igiya, ya rungume ni, sannan ya ɗaga kai yana kallon rufi.

"Malam, ashe cikin wannan dukiya kake zaune?" in ji shi.

"A cikinta nake shan ruwan sama," na ce.

Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Daga sabon ofishina ana hango aikin. Na ce ba zan riƙa kallo ba, amma kujerata kullum tana fuskantar taga. Aka kawo magina daga cikin gari, aka sauke ruɓaɓɓun azarori aka sa sababbi, aka sake yaɓe da makuba har bangon ya koma ja yana sheƙi. Zankayen saman ginin da suka karye tun kafin in fara aiki aka tsayar da su. A gefen gabas aka ja sabon ɓangare na siminti, da manyan tagogin gilashi, amma aka yi masa launin ƙasa don kada ya bambanta da tsohon. Na so ƙwarai in sami abin kushewa. A ɗakin malamai nakan ce siminti da ƙasa ba sa zama wuri ɗaya, damina biyu za ta raba su. Abokan aikina su gyaɗa kai, domin su ma kwano yana gasa su.

Abokina bai daina zuwa wurina ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Yakan tambaye ni wane ɗaki ne ajin farko, ina ne aka taɓa yin ɗakin karatu, me ya sa wata ƙofa ta fi sauran gajarta. Ina ba shi amsa, yana godiya har da riƙe mini hannu. Idan ya fita sai in ji kamar na ba shi wani abu daga jikina.

Ana cikin haka 'yata ta fari ta gama sakandare. Na riga na tsara mata karatun lauya. Wata rana bayan la'asar ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ba ta tashi ba.

"Baba, ni makarantar Baffa nake so." Haka 'ya'yana suke kiran abokin nawa.

"Mi za ki yi can?"

"Zanen atamfa."

Ta ɗauko wasu zane-zane da ta yi, na ganye da tsuntsaye, ta ce ta nuna masa ya yaba. Shi ya fara gani kafin ni. Na ce mata zan yi tunani. Mahaifiyarta ta dube ni ta ce, "Malam, da yarinyar kake fushi ko da ginin?" Bayan sati na ce wa yarinyar ta je.

Ranar buɗewa aka cika da manyan baƙi da 'yan siyasa masu sababbin manyan riguna. Abokina ya roƙe ni in zagaya da su in ba da tarihin wurin, ya gabatar da ni a matsayin wanda ya fi kowa sanin ginin. Na yi bayani yadda ya kamata. Da muka iso tsohon ofishina, na tarar an jera teburan zane, haske yana sauka ta wata taga da aka buɗe a sama, ɗakin ya yi kyan da ban taɓa zaton yana da shi ba. Wani baƙo ya tambaya me ake yi a nan a da. Na ce ofis ne, muka wuce.

Abokina bai daɗe ba aka kira shi Abuja. Kafin ya tafi ya zo har gida sallama, muka ci tuwo tare, muka yi hirar mutanen layinmu da suka rasu. 'Yata ta gama, yanzu tana da shago a Kambarawa, mata suna layi don zanenta. Ni kuwa a ginin kwanon na yi ritaya. Har yau idan wani ya yabi makarantar a gabana nakan ce lallai an yi aiki, sannan in kawo wata maganar.