Kalmar da Ta Hana a Kori Ɗalibata

Ni dai ban iya ganin zalunci in yi shiru ba, tun ina yarinya ake ce mini bakina ya yi yawa.

Lokacin ina koyar da Turanci a wata sakandare a Talata Mafara, akwai wata ɗalibata 'yar Bakura, mai ƙwazo, amma tana da iskoki. In sun tashi sai ta faɗi tana magana da muryar da ba tata ba. Saura mako uku jarrabawar fita, abin ya buge ta a aji. Shugaban makaranta ya tara mu ya ce korarta zai yi, wai ita ke yi da gangan don ta tsorata yara. Har da cewa Turawa ba su san wannan ƙauyancin ba, bare su yi masa suna.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na je gida na ɗauko ƙamus ɗin Turanci da mahaifina ya bar mini, kwana biyu ina bin shafi. Sai ga kalmar: energumen. Asalinta daga harshen Girka ne, ma'anarta wanda wani ke aiki a jikinsa. Na ƙara bincike, na ga ashe a dā, a wajen Turawan, masu wannan lalurar ba korarsu ake ba, a wurin ibada ake riƙe su, a ciyar da su, a yi musu addu'a.

Da safe na dire masa littafin a tebur.

"Ranka ya daɗe, ga sunan. Su kansu sun ce yi mata ake, ba ita ke yi ba. Ko mai ciwon kai ma korarsa za mu yi?"

Ya gyara tabarau ya karanta har sau biyu. "Malama, ke dai ba ki da dama. In ta faɗi a ɗakin jarrabawa fa?"

"Ni zan ɗauke ta."

Ya amince. Haka na zauna bakin ƙofa kowace takarda, ina jan carbi, rana na dukana. Ranar ƙarshe ubanta ya zo kan babur, yana jira daga nesa. Ta fito da tawada a yatsu, ta durƙusa ta ce, "Malama, na amsa duka."

Uban ya matso ya ce, "Ɗiyag ga tawa, ashe ta ƙare boko kamar kowa?"

Na ce, "Ta ƙare, Baba. Kai ta gida ta huta." Wallahi ban taɓa jin daɗin zama malama kamar ranar ba.