Baba Chindo da Injin da Ke Riƙe da Maganar Baffa

Da an sallame asuba, Baba Chindo ba ya komawa barci. Sai ya sha kununshi, ya rataya jakar fata, ya bi ta bayan tashar Ƙonni har rumfarshi. Yana isa ya share gabanta, ya yayyafa ruwa, ya ɗaura tabaranshi da zare don ƙafa guda ta karye tun da daɗewa. Akwai wani ɗan ƙwai da ya rataye bisa tebur. Shi yake fara kunnawa. In haskenshi ya yi ja kamar garwashi, ya san wutar yau ba ta da ƙarfi, ba zai jona kayan kowa ba, ko da mai kayan na tsaye yana huci. Sai ya ce, "Zamna mu gaisa tukuna. Ina kwanan gida?"

Ƙarshen wanga wata zai bar rumfar. Idanu sun gaji, ba ya ganin ƙananan wayoyi kuma, zai koma Bazaga wurin gonarshi da awakinshi. Ni ban yi nisa ga karatun lakwal ba, aji huɗu na tsaya, sai ku yi haƙuri da rubutuna. Amma na ga bai kamata mutum irin wanga ya tafi shiru ba.

Da rediyo ya fara, ya koma talabijin. Sa'adda ordinatar ta fara shigowa burorin garin nan, wato ofisoshi, wadda mutanen tsallake ke ce wa kwamfuta, ba wanda ya koya mishi. Wata matacciya anka ba shi kyauta, ya kwance ta ya ɗaure har sai da ya san cikinta. Ba ya jin Ingilishi. In inji ya rubuta wani abu ga gilashi, sai ya kwafe shi harafi harafi, ya je tasha ya nemi direban Sakkwato mai karatu ya fassara mishi. Yana da wani littafi da ya cika da zane, dogon layi da gajere. Kukan inji ne yake rubutawa haka. Ya ce inji mai lafiya kuka guda yake yi gajere in an tada shi, sauran kuka duk ƙorafi ne, kowane da inda ke mishi ciwo.

Ku tambayi Alhaji Sallau mai motoci. Ranar da injin buronshi ya ƙi tashi, ya rantse bakin mutane ne, har ya sa an ɗaure rago za a yi sadaka. Baba Chindo ya zo, ya duba rubutun gilashi, ya danna wani ɗan maɓalli. Sai ga disket, ɗan faifan ajiye rubutu, ta fito, ashe mantawa anka yi da ita ciki. Ya sake tada inji, ya tashi lafiya lau.

Alhaji ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Alhaji. Rago ya tsira. Amma in ka matsa sai an yanka, haƙorana na nan da sauransu."

Kai ne ba ka taɓa ƙara wa ciwo girma don a ga ƙoƙarinka ba, Baba. Abin da ke ƙarami, ƙarami kake ce mishi.

Yanzu bari in faɗi namu, na gidanmu, don shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mahaifinmu, Ardo Abdurrahaman, Baffa muke ce mishi. Makiyayi ne, kuma cikin tsofaffin yankin nan shi kaɗai ya rage wanda ya san burtali tun daga wajen Dogarawa har Illela, wato hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki. Ya san daga wace tsamiya ta tashi, ga wace rijiya ta karkata, kakan wa da kakan wa sunka shirya a kanta. Yayata, Adda Saude, ita ke buga takardu a buron wata ƙungiyar manoma da makiyaya. Ƙungiyar ta ce a rubuta sanin Baffa, don a kafa alamu kafin damina, a huta da faɗan ɓarna. Rani guda yana zuwa buro, ya zamna bisa tabarma yana faɗi, ita tana bugawa. Ba a fitar da ko takarda guda ba, don kullum cewa yake, "Bari in ƙara tunawa, kada in ci haƙƙin wani."

Ya gama ranar Laraba. Bai kai wata Larabar ba, Allah ya karɓi abinshi.

Bayan kwana arba'in, saura kwana shida a yi taron kafa alamu, inji ya ƙi tashi. In an danna, fitila ta kama, ya yi wani dogon kuka, ya sake, ya sake, gilashi kuma baƙi ƙirin. Shugaban buro, Mushe Mato, ya kira wani saurayi da ya yi karatun abin a birni. Ya duba, ya ce a ganinshi sai an wanke cikin injin tas an zuba sabo. Adda Saude ta ce, to maganar da ke ciki fa? Ya ɗaga kafaɗa.

Ta zo ta same ni kasuwar shanu, idanunta jajur. Ba ta ce komi ba sai, "Baffa zai sake mutuwa." Munka tafi rumfar Baba Chindo tare.

Da ya iso buro, bai taɓa inji ba. Ya yi mata gaisuwar rasuwa, ya tambayi lafiyar Inna, mahaifiyarmu, ya zamna.

"Ɗiyata, yaushe ya fara?"

"Shekaranjiya, Baba."

"Kafin nan bai taɓa yi miki gardama ba?"

"Yakan mutu da kanshi da azahar. In na bar shi ya huta, ya tashi."

"Da azahar," in ji shi. Ya gyaɗa kai.

Daga waje ya faro, kamar mai duba saniya kafin ya buɗe mata baki. Ya gwada wutar bango, ya bi kowace waya da yatsa, ya jona gilashin ga injin buron maƙwabta ya ga lafiyarshi lau. Sannan ya danna maɓalli, ya rufe ido, ya saurara. Ya buɗe littafinshi, ya aza yatsa bisa wani dogon layi.

Sai ya fiddo turnabis, abin kwance ƙusa, ya buɗe inji. Abin da ya fara cirowa wani ɗan akwatin ƙarfe ne, bai fi tafin hannu ba. Ya naɗe shi cikin hularshi, ya miƙa wa Adda Saude.

"Riƙe. Maganar babanki nan take kwance, ba ga sauran tarkacen ba. Ko na ɓata inji, ko na gyara, wannan yana hannunki. Kada ki yar da shi ƙasa dai."

Ta riƙe shi da hannu biyu, ga ƙirji. Nan ne na ga numfashinta ya sauka.

Ya leƙa wurin fankar da ke sanyaya inji, ya tsaya. Ya sa tsinke ya jawo wani curi baƙi da fari, ya murza ga yatsa, ya sunsuna. Gashin tumaki ne. Ya ɗaga kai ya dubi bayan kujera, inda bargon Baffa ke ninke. Ni ma sai lokacin na gane. Tun ranar rasuwa Adda Saude ta kawo bargon, ta lulluɓe inji da shi, ko yana aiki ba ta yayewa sai ta gefen gilashi. A wurinta, abin da ke riƙe da maganar Baffa bai kamata a bar shi tsirara ba. Gashin ya shige ya shaƙe fanka, zafi ya taru ciki kwana da kwanaki.

Mushe Mato na tsaye bakin ƙofa. Ya ce, "To, mi ya kashe shi? Wa ya yi ganganci?"

Adda Saude ta sunkuyar da kai. Baba Chindo ya jefa curin cikin aljihu.

"Zafi ne, Mushe. Fanka ta tsaya. Kuma bai mutu ba, suma ya yi. A samo mini ruwa in sha, in ba a so ni ma in bi shi."

Da Mushe ya fita, ya ce mata a hankali, "Ɗiyata, kin yi don girmamawa, Allah ya ba ki lada. Amma ko ɗan maraƙi in za a lulluɓe shi, ana bar mishi hanci. In kin kashe inji ya huce, rufe shi. In yana aiki, bar shi ya sha iska."

Ya share fanka, ya ɗiga mata man keken ɗinki, ya juya ta da yatsa har ta saki. Ya zaro wani siririn falle mai haƙoran zinariya, ya ce shi ne mai kukan, zafi ya sa ya saki mazauninshi. Ya goge haƙoran da gom, abin share rubutu na 'yan lakwal, ya mayar, ya danna har ya ce ƙas. Ya tada inji. Kuka guda, gajere. Ya kashe, ya karɓi akwatin daga hannunta, ya ce bismillah, ya ɗaura.

Rubutu ya fara gudu ga gilashi. Adda Saude ta zamna, ta buɗe. Ta karanta layin farko da ƙarfi: "Ni Abdurrahaman, abin da na gani da idona zan faɗi, wanda na ji kuma zan ce ji na yi."

Baba Chindo ya cire tabaran yana gogewa, ya daɗe yana gogewa. Bai bar buron ba sai da ta kwafe maganar ga disket biyu, ta buga ta ga takarda har sau uku. Ya ce guda a buro, guda wurin mai gari, guda a kai wa Inna ko ba ta karatu.

Ranar taro an karanta takardar gaban manoma da makiyaya. Da anka kai wurin wata rijiya da aka daɗe ana ja a kanta, wani tsohon manomi ya ɗaga sanda ya ce a tsaya. Anka tsaya. Ya ce, "Haka ne. Ubana ya faɗa mini haka, ni ne na ƙi faɗi." Aka kafa alama nan. Daminar bana shanu sun wuce, gero ya tsaya, ba a kai kowa gaban jandarma ba. Cikin masu taron ba wanda ya san sunan Chindo.

Kai ne mai tambayar abin da ke ciki kafin a wanke. Kai ne ka ga kuskuren 'yar mutane ka sa shi aljihu. Samarin da za su gaji wanga aiki, kun fi shi karatu, ba musu. Amma ku riƙa zama ku ji ta bakin mai kaya, ku tuna wani inji ba ƙarfe kaɗai ne ba ga mai shi.

Mun gode, Baba Chindo. Inna ta gode, Adda Saude ta gode. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya albarkaci gonarka. In shanunmu sun biyo ta Bazaga da kaka, ka bar ƙofa buɗe, ƙwaryar nono na tafe.