Koren Maɓallin da Auta Ya Bar Mini

Sai da na koma bakin aiki na gane ka tafi, Auta. Na kunna kwamfuta, na danna koren maɓallin nan, sunaye suka zubo a jere, na ɗauki waya zan ce maka ya fito lafiya kamar yadda na saba. Wayar tana hannuna abin ya shige ni. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, ƙanena Auta ya faɗi a wurin aikinsa. Kafin a kai shi ga likita rai ya yi halinsa.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Aikina a ƙaramin asibitin unguwa shi ne in kira iyayen da ba su dawo da jariransu allurar rigakafi ba. Bayanan suna cikin shafin asibitin na intanet, amma sai na buɗe kowane yaro shi kaɗai ina kwafa da biro. Kafin in gama, lokacin wasu ya wuce.

Ka zo ɗaukata wata rana, ka tsaya a kaina kana kallo. Ka ce, "Yaya, wannan ai horo ne. Wa kika yi wa laifi?" Ka nemi izinin babbar nas, ka yi ta zuwa duk Asabar da taka kwamfutar, kana zama a bencin masu jiran awo. Ka haɗa abin da zai kwaso rahoton gaba ɗaya ya zuba shi a manhajar Excel, kowa da layinsa: suna, ranar haihuwa, lambar wayar uwa. Maɓallin ma ka yi shi ƙato. Ka ce, "Don na san ba za ki sa tabarau ba, kada a ce kin tsufa."

Ranar farko da na kira iyayen, ko lamba ɗaya ba ta shiga ba. Na kira ka ina faɗa. Ashe sifilin farkon kowace lamba ne ya ɓace a hanya. Ka yi dariya ka ce kwamfutar ce ke jin yunwa. Ka gyara, ba ka taɓa yi mini gori ba.

Jiya wata mata ta shigo da tagwaye, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa. Ta ce da ban kira ta ba ta manta. Ba ta san ka ba, amma aikinka ne ya kawo ta. Na koya wa nas biyu yadda ake fitar da rahoton, ko ba na nan ba zai tsaya ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wannan ya zame maka sadaka mai gudana. Allah Ya ba Umma haƙuri, Ya ƙarfafa matarka, Ya raya 'ya'yanka.

Kafin ka rasu ka lura wasu ranakun haihuwa suna fitowa a juye, wata a gurbin rana, har yaro ya zama kamar lokacin allurarsa bai yi ba. Ka ce Asabar za ka zo. Yanzu da hannu nake bin su ɗaya-ɗaya, babbar nas kuma tana neman wanda zai duba mana. Wannan gyaran ne ya rage.