Safara'u, Wadda Ta Shiga Rijiyar Tungar Marke

Haihuwa da Asali

An haifi Safara'u ɗiyar Attahiru a garin Wurno, cikin watan Safar na shekara ta 1322 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1904, shekara guda bayan shigar Turawa birnin Sakkwato. Mahaifinta shi ne Malam Attahiru, manomin gero kuma maginin rijiya, mahaifiyarta kuwa Zinariya, mutuniyar Lahodu. Ita ce 'yar fari a ɗakin mahaifiyarta, kuma a riƙe wagga magana da kyau, domin a kanta duk abin da zai biyo baya ya rataya. Bisa al'adarmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna shi a idon jama'a. Tun daga ranar suna Inna ba ta taɓa furta sunan nan ba. In za ta kira ta sai ta ce "ke", shi ke nan.

Mai ba da wanga tarihi ita ce ƙanwar marigayiya, Hauwa'u, wadda anka fi sani da Kulu. Ban yi boko ba, allon ma ban daɗe a kansa ba. Na zaunar da mai rubutu a Wurno, na ce ya rubuta mini shi yadda ake rubuta tarihin manyan mutane, da shekara da wata, kada ya tausasa mini ko kalma guda. Lissafin shekaru nasa ne, sauran magana tawa ce.

Karatu da Ƙuruciya

An sa Safara'u makarantar allo tana da shekara biyar, ta yi karatu har ta kai izu biyu, sai babbar yunwar 1914 ta watsa makarantar. Yarinya ce siririya, doguwa, mai yawan waƙa. Ko daka take, ko tsince wake, ko goyon ƙanne, bakinta ba ya hutawa, har Baba yakan ce da waƙa tana cika rumbu da gidanmu bai san yunwa ba. Ita ta koya mini tafiya, ita ta koya mini kitso, ita ce kuma ke karɓar dukan da ya kamata a yi mini, kuma ya kamata a yi mini da yawa.

Ƙaura zuwa Bakin Daji

A shekara ta 1915, bayan yunwa ta cinye gonar gado, Malam Attahiru ya ɗauki iyalinsa da jaki guda da irin shuka, ya nufi gabas, ya wuce ƙasar Raba, ya sauka a bakin Dajin Gundumi inda babu gida babu aboki. Ƙarƙashin wata bishiyar marke munka kafa bukka, daga nan wurin ya sami sunan Tungar Marke. Baba ya sari daji, Inna ta yi shinge da ƙaya, mu kuma muna korar birai daga gona muna tsintar ƙwan zabin daji. Safara'u ta koyi sawun kowace dabba, ta san inda kura ke bi, ta san ganyen da ake ci da wanda ke kashe akuya. Ta taɓa korar kura daga turken jaki da muciya, tana yi mata zagi kamar wata sa'arta.

Illar wurin guda ce, rashin ruwa. Wani tafki muke sha, wanda ke ƙafewa da bazara. Baba ya ga suri tsaye kusa da marken nan, ya ce inda gara ta yi gini akwai damshi a ƙasa, ya soma ginin rijiya. Ya gina ta da ƙunci, daidai jikin mutum guda, domin ba shi da mataimaki sai mu.

Ginin Rijiya

A ranin shekara ta 1917, rijiya ta yi zurfi amma ba a kai ga ruwa ba, sai kurkunu ya fito wa Baba a ƙafafu biyu, sanadin ruwan tafkin nan. Ya kwanta, ko tsayuwa ba ya iyawa. Tafki kuma ya koma taɓo. Abin da ya rage shi ne ko a sami ruwa, ko a bar gonar da anka sara da jini da gumi a koma Wurno hannu biyu. Baba ya ce a ɗaure kaya.

Safara'u tana da shekara goma sha uku. Ta ɗauki dagi, wato ƙarfen da ake haƙa da shi, ta ɗaura igiya a ƙugu, ta tsaya bakin rami. Baba ya ce:

"Ke, mi za ki yi? Ɗiya mace ba ta shiga rijiya."

Ta ce, "Baba, rijiyar ta san ni mace ta? Duhu na ciki, ba ta gani na."

Sai ya ce a jawo masa tabarmarsa bakin rami. Daga kwance ya koya mata aikin. Kafin ta sauka akan zura fitila, in wutar ta mutu iskar ƙasa ta ɓaci, ba a shiga. Sa'an nan ya kafa mata doka guda: muddin tana ciki ta riƙa waƙa. In waƙa ta tsaya, to numfashi ya tsaya, mu ja igiya ba tambaya. Haka anka yi ta yi har bazara ta kusa. Ita tana haƙa tana cika kwando, ni da Inna da jaki muna ja, muryarta tana fitowa daga cikin ƙasa siririya kamar ta sauro. Inna ba ta ko leƙa ramin, tana riƙe da igiya fuskarta na kallon daji, amma na ga tafin hannunta ya tsage har jini, hakan bai sa ta saki ba.

Wata rana da hantsi waƙa ta tsaya. Baba ya yi salati, munka ja igiya kamar za mu tsinka ta, jaki ya faɗi ya tashi. Sai ga Safara'u ta fito, taɓo har wuya, kumatu cike. Ta furzar da abin da ke bakinta a ƙafar Baba, ruwa ne. Ta ce:

"Haba Inna, mutum ba shi sha shi yi waƙa lokaci guda!"

Baba ya yi dariya har da hawaye. Inna ta juya ta shiga bukka, amma da maraice ta yanka zakaran da take tattali, kuma duk mun ga kwanon da cinyoyin sunka faɗa.

Saboda rijiyar nan mutane sunka fara sauka a tunga. A cikinsu akwai Sale, ɗan ƙanen Baba, wanda ya zo shekara biyu bayan an sami ruwa. A rubuta wannan da babban baƙi: shekara biyu bayan an sami ruwa. A gidanmu ya girma, yana ce wa mahaifiyarmu Inna kamar mu.

Aure da Sana'a

A shekara ta 1919 anka ɗaura auren Safara'u da Yusha'u, mutumin Goronyo, masunci a Gulbin Rima kuma mai noman albasa a fadama. Ya gan ta ne tana jan guga, ya roƙi ruwa, ya koma ya sake roƙo har sau uku, sai ta ce masa in cikinsa tulu ne ya faɗi a kawo masa murfi. Sun zauna lafiya shekara talatin da biyu. Ta yi sana'ar ƙyafe kifi da ƙuli-ƙuli, daga baya ta zama ungozoma, kuma matan Goronyo sun shaida cewa ba ta taɓa tsorata a ɗakin haihuwa ba. Abu guda ta ƙi har ta mutu, kwana a ƙuryar ɗaki. Kullum shimfiɗarta na bakin ƙofa, inda iska ke shigowa. Malam Attahiru ya rasu a 1927, Allah ya jiƙansa, Sale ya zama mai unguwar tunga.

Al'amarin Littafi

A shekara ta 1938 wani malamin makarantar elementare daga Raba ya zo tunga yana neman labarin da zai rubuta wa yara. Ba zan kama sunansa ba, mutumin kirki ne, kuma ya san kansa. Sale ya sauke shi, ya ba shi labarin kafa tunga kamar yadda ya ji daga bakin Baba, da kura, da kurkunu, da fitila, da waƙa. Malamin ya ce yana son shaidar wanda ya gani da ido. Anka kai shi bayan zana inda Inna take zaune, ya gaishe ta, ya ce:

"Inna, wa ya shiga rijiyar?"

Inna ta yi shiru. Mi za ta ce? Ta kama sunan 'yar fari, ta kuma yabe ta, gaban baƙo namiji? Malamin ɗan ƙasa ne, ya san irin shirun nan. Ya dubi Sale da ke tsugune yana ce mata Inna, ya yi murmushi, ya ce:

"Na gane, Inna, yi haƙuri. Aikin na fari ne, ko?"

Ta ce, "I."

Ba ta yi ƙarya ba. Malamin ma bai yi ƙarya ba, ya zaci Sale ne na farin. Mutum guda ne a wurin ya san an yi kuskure, yana da baki, babu al'adar da ta ɗaure masa harshe, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da tsinke a ƙasa. Ni ina gidan aurena a Achida. Da ina nan da tsinken nan ya shiga hancinsa.

Littafi ya fito, labarin wani yaro Sale da ya girma a bakin daji ya zama namiji a cikin rijiya. Ba zan zalunci littafin ba, yana da daɗi. Na sa an karanta mini shi, na yi kuka a wurin jaki, domin jakinmu ne sak, har da taurin kansa. Yara daga Wurno har Goronyo sun haddace shi, suna wasan rijiya a tsakar gida, guda ya kwanta yana waƙa sauran suna jan igiya. Baƙi sunka riƙa zuwa ganin Rijiyar Sale. Shi kuma, wanda ko guga ya faɗa sai ya nemi mai ciro masa, ya riƙa tsayawa a bakinta yana gyara rawani.

A 1946 na taka da ƙafata har Raba na sami malamin. Ya saurare ni da ladabi, ya ce uwa ce ta ba da shaida, ba zai warware maganar uwa da maganar ɗiya ba, sai dai in Inna ta faɗi suna da bakinta. Na wuce Goronyo na ce wa Safara'u ta tashi mu je. Tana juya kifi a kan wuta ta ce:

"Kulu, ruwan ya sake ɗanɗano tun da anka sake mai suna?"

Na ce, "Yaya, ke fa kin cika sanyin rai. Guminki na!"

Ta ce, "In sa Inna ta ji kunya da furfura don takarda? Zauna ki ci kihi. Kin ga yaran ga na unguwa? Kullum sai sun zaka su koya min waƙar rijiya, wai ban iya ta daidai ba."

Ta yi ta dariya. Ni ban yi ba, har yau ban yi ba.

Ƙarshen Rayuwa

Yusha'u ya rasu a 1951. Bayan ta fita takaba Safara'u ta koma Tungar Marke domin ta kula da Inna, wadda idanunta sunka soma rauni. Shekara bakwai suna ɗaki guda, ita ke mata wanka, ita ke tauna mata goro, Inna tana ce mata "ke" kamar ranar farko. Kowace safiya takan je rijiya, ta gaida Sale da sunansa, ta tambayi iyalinsa. Shi ne ba ya iya dubanta.

Rasuwa da Jana'iza

Allah ya yi wa Safara'u rasuwa cikin watan Shawwal na 1377, daidai da 1958, bayan gajeriyar jinya ta ciwon ƙirji, tana da shekara hamsin da huɗu. An yi mata wanka da ruwan rijiyar, anka yi mata salla, anka rufe ta a makwantan tunga, gabas da marken nan.

Da maza sunka dawo daga kushewa sunka zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, da liman, da mutanen Goronyo, da Sale a tsakiya. Sai Inna ta ce in kama hannunta. Na zaci bayan gida za ta. Ta ja ni har bakin zaure, inda mace ba ta tsayawa ranar makoki, ta ɗaga murya ta ce:

"Jama'a, ku ji. Safara'u ta gina rijiyar ga. Safara'u, ɗiyata ta fari. Ni ar riƙe da igiya."

Liman ya dubi Sale. Sale ya daɗe yana kallon ƙasa, babu tsinke kusa, sa'an nan ya ce, "Haka na, Inna." A gaban mutane ya faɗi haka, kuma mutanen suna raye.

Saboda haka ina kira ga malamin Raba: sharaɗin da ya kafa ya cika. Ban ce a ƙone littafi ba, ban ce a taɓa jaki ko kura ba. A cire suna guda a sa suna guda, a cire wa yaron wando a ɗaura masa zane.

Marigayiya ta bar 'ya'ya huɗu: Lawwali, ɗanta na fari, wanda ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba, yana sana'ar su a Goronyo, da Isa, mai noman albasa, da Hassana, tana aure a Tursa, da auta Kyauta, wadda ta gaje ta a ungozomanci. Ta bar jikoki da dama, da ƙanwa guda mai baki.

Ta kuma bar mahaifiyarta Zinariya, mai shekara saba'in, wadda tun daga ranar nan ba ta daina ba. In an kawo mata fura sai ta ce ba haka Safara'u ke dama ta ba. In an ba ta ruwa sai ta ce na Safara'u ne. Wani lokaci babu dalili ko kaɗan, tana zaune a bakin ƙofa inda shimfiɗar take, sai a ji ta faɗi sunan a hankali, ta saurara, ta sake faɗi. Allah ya jiƙan mai sunan, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya mana maƙogwaro.